Abin da Ke Tsira a Ƙarƙashin Baƙon Itace

Tun da wayar hannu ta zama majigin kowane gida, malamai da iyayen yara a Maraɗi suke juya wata mas'ala wadda, ko da yake a zahiri nishaɗi kawai ta shafa, a baɗini tana taɓa asalin abin da muke kira amana, wato shin fina-finan Indiya da na Turkiyya da ake juyawa zuwa Hausa a Kano, a loda su a memori, su ƙetaro Jibiya da Ɗan Isa, su sauka a rumfunan masu tura fim na unguwar Zariya, daga nan su bazu har Tsibiri da Jiratawa, alheri ne ya zo mana, ko kuwa annoba ce ta shigo da tufafin gida. Jama'a sun rabu biyu a kan wannan. Wasu sun ce duk abin da ya fito daga ƙasar da ake bauta wa gumaka ba ya tsarkaka don an sa masa muryar Bahaushe, sai ma dai ya ƙara haɗari, domin abin da da can jahilcin harshe ya kange mu daga gare shi, yanzu an buɗe masa ƙofa har cikin ɗaki. Wasu kuwa sun ce ai labari labari ne, kuma tsohuwar da ba ta taɓa zama a lakwal ba, wadda Faransanci ya hana ta fahimtar abin da ake nunawa a talabijin shekara da shekaru, ita ma tana da hakkin ta ji abin da duniya ke faɗi da harshen da ta sha a nono. Ni a ganina duka ɓangarorin biyu asalin abin suke tambaya, alhali kuwa manomin wannan yanki, wanda ya fi kowa sanin sha'anin baƙo, ya daɗe da gane cewa ba nan hukunci yake ba.

A dubi Jiratawa. Abin da ya fi fitar da sunanta a kasuwannin Nijar, ban da sauran kayan lambu da ake ban-ruwa da su, shi ne zogale, wanda ake tsinkar ganyensa a shanya a cika buhuna, kuma babu wata Bamaraɗiya da za ta kwaɗa shi da ƙuli-ƙuli ta ji a ranta cewa abincin baƙi take ci. Amma masana tsirrai sun tabbatar da cewa asalin zogale arewacin Indiya ne. Haka nan dogon yaro, wanda wasu ke ce wa bedi, da ya yi wa titunan Maraɗi rumfa, daga Indiya aka kawo shi Afirka ta Yamma a farkon ƙarni na ashirin, mangwaro ma can ne gidansu. Gyaɗar da ta gina dukiyar alhazan Maraɗi na farko, da masara, da rogo, da barkono, da tumatir, dukkansu daga nahiyar Amurka suka fito, suka ratsa teku a jiragen Turawan Fotugal da makamantansu kafin su iso hannun kakanninmu. Da a ce asali ne illar hukunci, da sai mu tuge rabin abin da ke cikin tukunyarmu. A ɗaya gefen kuma ga garmani, wanda ya mamaye makiyayai da burtalai a wannan jiha har ciyawar da dabba ke so ta rasa wurin fitowa. Makiyayi ba ya ƙinsa don inda ya fito, yana ƙinsa ne don inda ya kafu ba ya barin wani abu ya rayu, kuma duk wanda ya lura zai ga bai cika samun iko ba sai a ƙasar da kiwo da fari suka riga suka gajiyar. Saboda haka tambayoyin manomi biyu ne: me ke tsira a ƙarƙashin wannan baƙo, kuma wane hali ƙasar take ciki ranar da ya sauka.

Akwai wani abu da ya faru a wannan yanki wanda ya cancanci a tsaya a kansa da tadabburi, domin a cikinsa ne na ga mabuɗin mas'alar. Bayan farin shekarun 1970, hukumomi da ƙungiyoyin agaji sun zuba dukiya mai yawa wajen renon ƴan itatuwa a gandaye, galibinsu baƙin iri, ana rarraba su ga ƙauyuka a dasa, amma mafi yawansu ba su kai labari ba, rana da awaki da gara da rairayi suka gama da su. A 1984, shekarar yunwar da mutane suka laƙaba wa suna El-Buhari, a nan Maraɗi aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da gurgusowar hamada a zamanin Seyni Kunce. Kafin wannan da shekara guda, wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda shi ma ya gaji da dashen da ba ya kamawa, ya lura cewa ƴan tsirran da ke fitowa a gonaki kowace shekara, waɗanda ake sarewa a ƙone lokacin sassabe, ba ciyayi ba ne, tohon kututturan itatuwa ne da aka sare tun tuni, waɗanda saiwoyinsu ke nan da rai a ƙarƙashin ƙasa suna shan ruwa daga zurfin da dashe ba zai kai ba sai bayan shekaru. Abin da ake bukata kawai shi ne manomi ya zaɓi ƴan rassa mafi ƙarfi a kowane kututture, ya rage sauran, ya tsare waɗanda ya bari. Wannan shi ne abin da aka sani yau da sassabin zamani. Da sabara, da kalgo, da gawo, da aduwa, da magarya suka sake miƙewa, har masu bincike suka ƙiyasta cewa a kudancin Nijar, musamman jihohin Maraɗi da Damagaram, an farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200, ba tare da an dasa su ba. Abin lura a nan shi ne baƙon ya yi amfani ƙwarai, kuma ba laifi ba ne a faɗi haka, tun da hikima kayan mumini ce da ta ɓace masa, duk inda ya same ta shi ya fi cancanta da ita. Sai dai amfaninsa bai zo ta irin da ya ɗauko daga ƙasarsu ba, ya zo ne ranar da ya sunkuya ya dubi abin da ke binne a ƙasarmu.

To, idan an yarda mini in yi ƙiyasi, harshe ma ƙasa ce mai saiwoyi a binne, kuma mai fassara manomi ne da aka damƙa wa gona. Mafi bayyanar hujja a kan haka tana Zariya ta Zazzau, inda Alhaji Abubakar Imam ya zauna a ofishin talifi tare da Rupert East ya rubuta Magana Jari Ce, wadda ta fito cikin juzu'i uku tsakanin 1937 da 1939. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa da yawa daga labaran littafin aro ne, wasu daga Alfu Laila, wasu daga Kalila wa Dimna, wasu daga tatsuniyoyin Jamusawa, kuma shi kansa akun da ke jan hankalin ɗan sarki da labari don ya hana shi fita, asalinsa daga wani tsohon littafin Indiya ne da ya bi ta Farisa. Ita Kalila wa Dimna ɗin ma daga Indiya ta taso, ta shiga Farisanci, kafin Ibnul Muƙaffa ya mayar da ita Larabci a ƙarni na biyu na Hijira. Amma wane Bahaushe ne ya taɓa karanta Magana Jari Ce ya ji ƙanshin baƙunta? Dalili kuwa shi ne Imam bai share gonar ya dasa baƙo a fili ƙwal ba. Ya bar baƙon labari ya zama sanadin da karin maganarmu, da kirarin fada, da barkwancin kasuwa, da ladubban zaure suka toho a kan takarda, abubuwan da ke nan da rai a bakin mutane amma boko bai taɓa ba su wuri ba. Kuma an ga abin da ya tsira a ƙarƙashinsa, domin marubutan Hausa na bayansa, har zuwa matan Kano da suka cika kasuwa da littattafai daga shekarun 1980, a inuwarsa suka koyi cewa harshensu yana iya ɗaukar dogon labari.

Magabata ba su ɗauki sha'anin tarjama da sauƙi ba. Abin sha'awa ne cewa ɗaya daga tsofaffin bahasosi a kanta cikin Larabci yana cikin littafin dabbobi ne, wato Kitabul Hayawan na Jahiz, malamin Basra da ya rasu a shekara ta 255 bayan Hijira, wanda a cikinsa ya yi bayanin yadda halittu ke rayuwa da juna, wannan ya ci wancan, wancan ya tsere wa wannan, sa'an nan a cikinsa kuma ya sharɗanta cewa mai fassara sai ya kasance iliminsa a harsunan biyu ya yi daidai, kuma ya san fannin da yake fassarawa kamar mai littafin, ya kuma yi gargaɗi cewa harsuna biyu idan suka haɗu a baki ɗaya, kowane yakan shigar wa ɗan'uwansa da rauni. Ya zauna a zamanin da ake juya littattafan Yunanawa zuwa Larabci a Bagadaza, bai ce a daina ba, amma ya san cewa aikin yana da farashi, kuma harshen da ake zuba wa ne ke biya. A ƙasarmu ma, lokacin da Nana Asma'u ta mayar da waƙar mahaifinta Shehu Usmanu, Tabbat Haƙiƙa, daga Fulatanci zuwa Hausa, da lokacin da Shehu Abubakar Gumi ya fitar da tarjamar ma'anonin Alƙur'ani a 1979, babu ɗayansu da ya ɗauki abin a matsayin sana'ar gaggawa, domin sun san za a tambaye su.

Yanzu sai mu auna masu juya fim da wannan ma'auni, kuma adalci ya wajabta a fara da abin da suka kyauta. Samarin da ke wannan aiki a Kano, waɗanda na kamfanin Algaita suka fi shahara a cikinsu, suna da kunne. Sukan kama zafin faɗa da sanyin lallashi su zuba su cikin Hausa mai gudu, har ka ji karin maganar da ka daɗe ba ka ji ba ta fito daga bakin ɗan sandan Mumbai. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubutu mai yawa a kan yadda Hausawa ke mayar da kayan Indiya na gida, kuma al'amarin ya girmi waya, tun daga shekarun da Kwarori ke kawo fina-finan a gidajen sinima na Kano, har zuwa mawaƙan bandiri irin su Ushaƙu Indiya da suka ari karin waƙoƙin fim suka ɗora masa yabon Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, abin da malamai suka yi saɓani a kansa, wasu suna ganin an ceto kari daga lagawu, wasu suna ganin an jawo lagawu cikin zikiri. Ban ga dalilin raina wannan baiwa ba. Abin da ya dame ni wani abu ne dabam, wanda da yawa ke ɗauka shi ne ma kyawun aikin. Sau da yawa za ka ga mutum a fim ya durƙusa gaban abin bautarsa, ga fitila ga furanni, amma muryar da aka ɗora masa tana kiran Allah da lafazin Musulmi, ana nufin a kare mai kallo daga jin shirka. Niyyar mai kyau ce, amma sakamakon tadlisi ne ta fuska biyu, domin an zalunci Bahinde da aka sa masa maganar da bai faɗa ba, an kuma zalunci yaron unguwar Zariya da ke kallo, wanda idonsa ke ganin abu ɗaya kunnensa na jin wani, har ya tashi bai san inda iyakar aƙidarsa ta tsaya ba, bai kuma san cewa akwai mutane masu hankali da mutunci da suka saɓa masa a asalin imani ba. Alƙur'ani mai girma, a Suratur Rum, ya lissafa saɓanin harsuna da launuka cikin ayoyin Ubangiji tare da halittar sammai da ƙasa, kuma a Suratul Hujurat ya bayyana cewa hikimar rarraba mutane dangi-dangi ita ce su san juna. Ta yaya za a san wanda aka shafe masa kama? Abu Raihan Albiruni, wanda ya koyi harshen malaman Indiya ya rubuta littafinsa a kansu wajen shekara ta 1030 Miladiyya, Musulmi ne mai riƙo, amma ya kawo aƙidunsu yadda suke faɗinsu, bai yi musu kwaskwarima ba, bai kuma zage su ba, ya bar mai karatu ya ga bambanci da idonsa. Wannan ita ce amanar da nake nufi. Malamanmu sukan fassara zalunci da ajiye abu a inda ba muhallinsa ba, kuma dogon yaron da ya yi amfani a kwarin Majiya, inda aka jera shi tun 1975 don tare iska a gefen gonaki, da an cusa shi tsakiyar kunya da ya hana hatsi rana.

Akwai kuma wata fuska da mutumin Kano ba zai ji ta yadda muke jin ta ba. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya shigo Nijar ta wajen Madarunfa, ya wuce Jiratawa da Maraɗi da Tsibiri, sa'an nan ya karkata ya koma Nijeriya ya faɗa Rima. Shi ne ya ci tsohon garin Maraɗi a ambaliyar 1945 har aka hau tudu aka sake gini, inda daga baya unguwanni irin su Zariya suka samu, shi ne kuma ya ja baya tun da aka datse shi a Jibiya wajen 1990, har masu lambu suka ƙara dogara ga rijiyoyin burtsatse. Mutanen gulbi sun san cewa wanda ke sama shi ke yanke wa na ƙasa rabonsa, shi ya sa ƙasashen biyu suka sa hannu kan yarjejeniyar rabon ruwa a Maiduguri a 1990. Fassarar ma daga sama take gangaro mana, kuma da Hausa ɗaya take zuwa, ta samarin birnin Kano. Ba aibu gare ta, amma idan jarumi da sarki da malami da ɗan kasuwa, a kowane fim, duk da ita suke magana, yaron Tsibiri, inda Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa gari tun wajen 1836, zai fara jin cewa wanga da shina da mi da tahi na kakarsa maganar ƙauye ce da ake ɓoyewa, kuma tare da waɗannan lafuzza sunayen ciyayi da na iskoki da na matakan girman hatsi za su tafi, waɗanda ba a taɓa bukatarsu a fim ɗin Mumbai ba balle a fassara su. Gonar da iri ɗaya ya rage a cikinta, ko da irin na gida ne, cuta ɗaya ke gamawa da ita.

Wajibi ne kuma in faɗi inda ƙiyasin nan ya tsaya, domin malaman usulu sun hana ƙiyasi tare da bambanci. Itace ba mukallafi ba ne. Ba ya zaɓen abin da ke faɗowa a gindinsa, ba a kuma tambayarsa. Mutum kuwa an ba shi hankali, an ɗora masa halifanci, yana iya kallon abu ya ƙi shi, yana iya ɗaukar rabi ya bar rabi, kuma matar da ke kallon fim a tsakar gida tana tsinke zogale ba rairayi ba ce da ke shanye duk abin da aka zuba, sau da yawa ta fi mai wa'azin da ke tsoro dominta sanin inda labarin ya karkace. Saboda wannan ne ban gamsu da masu neman a toshe ƙofar gaba ɗaya da hujjar saddu zari'a ba, duk da cewa ƙa'ida ce ingantacciya a mazhabarmu ta Malikiyya, domin ana toshe kafa ne idan mafsadar ta rinjayi maslaha kuma toshewar mai yiwuwa ce, alhali abin da ke tafiya daga waya zuwa waya babu shingen da ke tare shi, kuma mun ga a sha'anin daji abin da hani tsagwaro ke haifarwa. Shekarun da doka ta ce kowane itace na gwamnati ne, ma'aikatan gandun daji suna cin tarar manomi a kan reshen da ya sara a gonarsa, manomi ya mayar da itace abokin gaba, yana kashe toho tun yana ƙarami don kada ya jawo masa fitina. Itatuwa ba su dawo ba sai da aka sassauta, manomi ya tabbata cewa abin da ya rena nasa ne, ya ci ƴaƴansa, ya sayar da makamashinsa, kafin dokar daji ta 2004 ta ƙara wa wannan fahimta ƙarfi.

Nan ne mas'alar ta koma kanmu. Fim ɗin da aka kashe dukiya mai yawa aka shirya a wata ƙasa, aka ɗauko shi ba a biya masu shi ba, aka ɗora masa murya cikin ƴan kwanaki, aka tura shi a waya da kuɗi kaɗan, babu yadda mai shirya wasan kwaikwayo a Maraɗi, ko mai rubuta labari, ko makaɗin da ke neman a saurare shi a rediyo, zai yi gasa da shi a farashi, musamman da yake shi ma nasa aikin, ranar da ya fito, a rumfar masu tura fim za a kwafe shi ba tare da sisi ya koma hannunsa ba. Hakkin mai aiki a kan aikinsa ba bidi'ar Turawa ba ce, yana cikin babin haramcin cin dukiyar mutane da ɓarna, kuma ya kamata masu wa'azi a masallatan unguwar Zariya, waɗanda suka yi magana mai yawa a kan tufafin ƴan fim, su ba wannan babi rabonsa. Tun daga 2025, da kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, aikin juya dokoki da littattafan makaranta da labaran duniya zai ƙaru ninki-ninki, kuma ana iya yinsa ta hanya biyu: ko a ɗauko jimlar Faransanci a canja mata kalmomi a bar ƙashinta yadda yake, ko a aika ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo su zauna da masu lambun Jiratawa, da fadawan Tsibiri, da alƙalai da ungozomomi da mahauta, su rubuta yadda waɗannan mutane ke faɗin iyaka da gado da bashi da cuta da rantsuwa, kafin su zauna fassara sashe ɗaya na doka, a kuma biya waɗanda aka ɗauki ilimin daga bakinsu.